Ba Aljani Ne Ya Kashe Ta Ba

 Muna da magana a kan littafin nan da wani dattijonmu ya ƙwace daga hannun wata yarinya ran taron da ya wuce, ya ce wai littafin aljanu ne, ba ya shiga gidan Musulmi. Baba, Allah ya huci zuciyarka, mu mun karanta shi daga farko har ƙarshe, kai kuwa hoton bangonsa kaɗai ka duba.

Sunansa The Haunting of Hill House. Wata Ba'amurkiya, Shirley Jackson, ita ta wallafa shi cikin 1959, aka yi silimansa cikin 1963. Labarin wani masani ne, Dokta Montague, da ya yi hayar wani tsohon gida da mutanen gari su ke gudu, ya gayyaci waɗansu su zauna tare su ga abin da ke ciki. Wanda ya gina gidan da gangan ya karkace kowace kusurwa kaɗan kaɗan, har in ka bar ƙofa a buɗe sai ta rufe kanta. Da dare a yi ta dukan ƙofofi, ba a ga mai duka. Ba mu ɓoye muku ba, akwai wanda ya karanta a cikinmu ya kwana da fitila a kunne.

Aljanu gaskiya ne, Alƙur'ani ya ambace su, ba mu musu ba. Amma a littafin nan ba a nuna fuskar aljani ko sau ɗaya ba. Abin da aka nuna shi ne Eleanor. Shekararta 32, ta yi 11 daga ciki tana jinyar uwarta har ta rasu. Ba miji, ba ƙawa, ba ɗakin kanta, sai ɗan gado a ɗakin yarinyar 'yar'uwarta. Da ta zo gidan nan aka ga rubutu a bango, da sunanta, ana kiranta gida. Duk duniya ba wanda ya taɓa kiranta gida sai bango! Ta roƙi abokiyar zamanta Theodora ta bar ta ta bi ta in an tashi, Theodora ta ƙi. Daga baya da su ka ga hankalinta ya soma juyawa su ka sallame ta, wai don lafiyarta, ita kuwa ba ta da wurin zuwa. Ta shiga mota ta nufi wani babban itace a bakin hanya.

To, wa ya kamata ya gane wannan in ba ɗan zango ba? Kakanninmu fataken goro da su ka sauka Salaga da Kumasi, kowane baƙo sai ya sami mai masauki kafin rana ta faɗi. Zango ke nan. Yau fa, nan Tompkinsville? Yaro ya sauka, ya kama ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ya bi jirgin fito zuwa Manhattan tun asuba, ya komo da tsakar dare, wata shida ba wanda ya buga masa ƙofa. Ran da ya fara magana shi kaɗai sa'an nan mu tashi da gudu neman mai ruƙiyya, mu ce iska ce ta taɓa shi.

Kada kuma mu manta ƙasar da mu ke takawa. A unguwar nan aka yi asibitin keɓe baƙi marasa lafiya da su ka sauka daga jiragen ruwa. Cikin watan Satumba 1858 maƙwabta, don tsoron cutar shawara, su ka fitar da majinyata waje su ka cinna wa ginin wuta. Su ma gidan baƙi su ka mai da gidan tsoro.

In kuwa ban tsoron ne laifi, wa ya ba mu tatsuniyar Dodo muna yara har mu ka kasa fita fitsari? Ba ku ba ne, iyayenmu?

Saboda haka muna roƙo, Baba, a mayar wa yarinya littafinta, na laburaren St. George ne, aro ta yi. Ran taro mai zuwa kuma kowa ya zo da sunan ɗan zango ɗaya da ya san yana zaune shi kaɗai, a raba wanda zai je gaishe shi ran Juma'a. Wassalamu.