Zuwa Ga Makanikan Da Ake Ɗauka Duba Mota: Maganar Tsohuwar Wagon Mai Shan Gas



Akwai aikin da muke yi kullum amma ba mu ɗauke shi a bakin aiki ba. Mutum zai zo ya ce, "Oga, taso ka raka ni ka duba min mota." Ku isa, ka tarar da doguwar wagon, Passat ko Peugeot 406 ko Mercedes, mai shan gas, mita na nuna kilomita 350,000. Dillali na gefe yana rantsuwa cewa injin gas ba ya mutuwa. Mai saye ya zuba maka ido, kuɗin da ya daɗe yana tarawa na cikin aljihunsa. A kan wannan tsayuwar nake so mu yi magana.

Dillalin bai yi ƙarya gaba ɗaya ba. Injin gas da kauri ake ƙera shi saboda matsin da ke cikin silinda, kuma ba ya juyawa da gaggawa irin na fetur. Mercedes W123 da W124, da injin 1.9 TDI na Volkswagen, an sha ganin sun haura kilomita 500,000 ba a sauke su ba. Wagon da ma'aikacin kamfani ya yi ta zirga-zirga da ita a manyan titunan Jamus, inji da zafinsa, giya ɗaya na sa'o'i, takan fi wadda ta yi rabin tafiyarta cikin cunkoson gari lafiya. Don haka kada yawan lamba kaɗai ya sa ka ce a fasa.

Sai dai abin da ke cinye aljihun mai mota ba gangar injin ba ce, kayan da ke rataye a jikinta ne: turbo, nozul, famfon gas, kuloci da fulayiwil mai hawa biyu. Duk a irin wannan shekaru suke gajiya, kuma sukan gaji a jere.

Fara da tambayar zamanin injin. Tsofaffin masu famfo na gargajiya suna haƙuri da mai, kuma mai gyaran famfo a Ƙofar Ruwa ko Panteka ya san cikinsu kamar yunwar cikinsa. Daga ƙarshen shekarun 1990 aka koma tsarin da kwamfuta ke sarrafa feshin mai da matsi mai tsanani, irin HDi na Peugeot da CDI na Mercedes. Wannan ba ya yafe ruwa ko ƙasa a cikin mai. Jarka ɗaya ta gas ɗin bakin hanya da aka gauraya da kananzir tana iya ci maka famfo, ɓurɓushin ƙarfensa ya bi layi ya kashe nozul huɗu. Daga 2009 zuwa 2011 dokar hayaƙi ta Turai ta tilasta sa matatar toka a salansa, wadda ake kira DPF, kuma daga wajen 2015 aka ƙara ruwan AdBlue. Waɗannan an yi su ne don man da sinadarin salfa a cikinsa bai wuce kashi 10 cikin miliyan ba, ma'aunin Turai tun 2009. Matatar kuma ba ta ƙone tokarta sai an yi doguwar tafiya da zafi. Wanda aikinsa kai yara makaranta da zuwa kasuwa, cikin 'yan watanni za ta toshe, fitila ta kama, mota ta ƙi ja. Na san abin da za ku ce: a fasa ta a zubar, a goge a kwamfuta. Ana yi. Amma ka gaya wa mutum tun kafin ya biya cewa motar da zai saya sai an yi mata fiɗa, kuma hayaƙin da aka hana Turawa shaƙa mu da 'ya'yanmu za mu shaƙe shi. Ba banza ba biranen Jamus irin su Hamburg da Stuttgart suka fara hana tsofaffin motocin gas wasu hanyoyi a 2018 da 2019.

Ita kanta mitar kada ka yarda da ita. Ana mayar da ita baya, a can Turai da nan gida. Sitiyari ya yi sulɓi, robar feda ta cinye har ƙarfe, kujerar direba ta lotsa, amma mita na cewa 140,000? Leƙa jikin ƙofa da ƙarƙashin bonet, sau da yawa akwai 'yar takardar juyen mai da aka manta ba a ɓanɓare ba. Jona na'ura, domin a wasu motocin akwai wani sashe na kwamfuta da ke riƙe nasa lissafin. In kuma da mil take ƙirga, mil 200,000 ya haura kilomita 320,000.

Ka je da sassafe, ka dafa inji da hannunka. In ka ji ɗumi, an riga ka, ka ce za ka dawo gobe. Tashin farko ne ke faɗin gaskiya: ta kama nan take ko sai da ta yi tari, kuma wane irin hayaƙi ta fitar. Shuɗi baƙin mai ne take ƙonawa, ko ta ringi ko ta turbo. Fari mai daɗewa, nozul ko ruwa na shiga silinda. Tana aiki, kwance murfin baƙin mai ka ɗora shi a bakin ramin. In yana ɗan rawa ba komai. In iska na cilla shi hayaƙi na bulbulowa, injin ya gaji. Cire robar iskar turbo ka taɓa sandar da yatsa inji na kashe. Ka saurari ƙarar kaca-kaca lokacin kashewa, fulayiwil ke nan. Sannan ka kwanta a ƙasa. Gishirin da ake zubawa a titunan Turai lokacin sanyi yana cin ƙarfe daga ciki, kuma sabon baƙin fenti a ƙarƙashin tsohuwar mota abin tuhuma ne. Wagon ta yi dako, saboda haka duba sifirin da shokozoba na baya. Na Mercedes ma da mai suke ɗaga kansu, gyaransu ba na wasa ba ne.

Bel ɗin taimin, in babu takardar da ta nuna ranar canji, ka ɗauka ba a canza ba. In ya tsinke, fistin da bawul ne za su yi karo. Passat mai injin TDI samfurin PD kuma baƙin mai na musamman take sha, mai lambar 505.01, a zuba mata na durom, kamshaf ya cinye.

Sai lissafi, wanda yawancinmu ba ma yi wa mutane. Wagon mai 1.9 TDI tana shan kusan lita 6 a kilomita 100, takwararta ta fetur 8 zuwa 9. Tun cire tallafin fetur a Mayun 2023 tazarar farashin ta ragu, amma gas bai zama mai araha ba. Direban da ke Kano zuwa Maiduguri, ko ɗan kasuwa mai cin kilomita 30,000 a shekara, zai rage ɗaruruwan litoci, gyara ya biya kansa. Ma'aikacin da ba ya fita gari, abin da zai rage a shekara bai kai kuɗin turbo ɗaya ba. Shi ka ce masa ya nemi ta fetur, ko da ransa na kan wannan.

Magana ta ƙarshe ba za ta yi wa wasunmu daɗi ba. Akwai mai karɓar kamasho a hannun dillali bayan ya karɓi na mai saye, akwai kuma mai cewa "ɗauki, lafiya lau" don ya san garejinsa za ta dawo ta kwana. Ka yanka kuɗin dubawarka a fili tun kafin ku tashi, daga hannun wanda ya ɗauko ka kaɗai. In motar ta yi, ka rubuta masa a takarda abin da zai kashe a watan farko: bel da famfon ruwa, filtoci duka, baƙin mai, da ajiyar kuɗin kuloci. A cire jimillar daga farashi a gaban dillali. In bayan biya ba abin da zai rage masa na wannan, ka ce masa ya mayar da kuɗinsa aljihu ku tafi.

Wassalam, naku a sana'a.