Kuɗin Karo-karo Ba Haraji Ba Ne

Garin Lambara yana cikin Ƙaramar Hukumar Shagari ne, wadda ta yi iyaka da ta Boɗinga a Jihar Sakkwato. Ba abin mamaki ba ne a sami magidanci gidansa na wannan ƙasa, gonarsa ko rumfarsa ta kasuwa kuwa na waccan. Irin wannan mutum shi ne ya fi shan wahala idan aka tashi tara kuɗin gyaran rijiyar burtsatse ko sallamar 'yan sintiri, domin kowace ƙungiyar ci gaban gari da nata tsarin. Wata takan aza wa gida, wata kuwa takan aza wa kowane baligi. Sai a wayi gari mutum ɗaya ya biya sau biyu.

Wajibi ne a bambance abubuwa biyu. Tsarin Mulki na 1999 ya ba ƙananan hukumomi ikon ƙiyasta gidaje don aza musu kuɗi, gwargwadon yadda Majalisar Dokokin Jiha ta tsara. Dokar soja mai lamba 21 ta 1998 kuma ta jera kuɗaɗen da kowace hukuma za ta karɓa, ta haramta tare hanya don karɓarsu. Ƙungiyar gari ba ta cikin wannan jeri. Abin da take tarawa karo-karo ne, ginshiƙinsa yarda. Saboda haka ba ta da ikon ƙwace akuyar wanda ya kasa biya, ko hana iyalinsa ɗiban ruwa.

Talakan Arewa bai manta da zamanin haraji da jangali ba, waɗanda gwamnonin Kano da Kaduna suka soke a 1979. Duk mai karɓar da ya zo masa da barazana, tsohon miki yake famawa.

Ya kamata hakimai da kansilolin ƙananan hukumomin nan biyu su zauna su daidaita ƙa'ida guda. A rubuta abin da za a biya da lokacin biya, magidanci ya biya inda yake kwana. A ba da rasit, a yafe wa gajiyayyu da matan da mazansu suka rasu. Ma'aji kuma ya karanta lissafi a bainar jama'a bayan kowace kaka. Wanda ya ga inda kuɗinsa ya shiga ba sai an bi shi gida da sanda ba.