Wa ya rayar da waƙar Miki Matsubara?

A watan Nuwamba 1979 ne Miki Matsubara, ƴar yankin Osaka mai shekara 19, ta fitar da waƙarta ta farko, "Mayonaka no Door". Ba ta wuce ta 28 ba a jerin faya-fayan da aka fi saye a Japon. Mawaƙiyar ta rasu a 2004. Kwatsam a ƙarshen 2020 waƙar ta game duniya, aka shiga yi wa TikTok kirari.

Kirarin nan ya yi yawa. Waɗanda suka cancanci yabo su ne iyaye mata ƴan Japon da ƴaƴansu suka riƙa ɗauka a wayar hannu: da jin kiɗan sai baki ya kama, ba tuntuɓe, bayan shekara 41. A bakinsu na'urar ta tarar da waƙar da ranta.