Tarihin da Masu Musun Ɗumamar Yanayi Suka Karanta a Baibai

Wata magana ta samu gindin zama a bakin wasu 'yan boko: wai yanayin duniya dama can canzawa yake yi, har ƙanƙara ta taɓa lulluɓe arewacin Turai, don haka ɗumamar da ake kuka da ita yau ba abin damuwa ba ce. Rabin farko na zancen gaskiya ne. Sai dai da sun binciki inda aka samo wannan sani, da jikinsu ya yi sanyi.

A yankin Luochuan na ƙasar Sin, ƙurar da iska ta kwaso daga hamada ta taru hawa kan hawa, kaurinta ya haura mita 100, cikin shekara kusan miliyan 2.5. Wanda ya tsaya a bakin kwazazzabo zai ga launi biyu suna karɓa-karɓa. Hawan da ya yi ruwan ɗorawa na zamanin sanyi ne da fari, lokacin da ƙura ke zuba babu tsiron da zai sarrafa ta. Mai ja-ja kuwa tsohuwar ƙasa ce da ta samu damina, ciyayi suka tsiro a kanta, kafin sabuwar ƙura ta binne ta. Ko na'urar awon maganaɗisu tana bambance su, domin jiƙaƙƙiyar ƙasa tana haifar da ƙananan ƙwayoyin ƙarfe. Masani Liu Tungsheng da abokan aikinsa sun nuna cewa wannan juyi ya faru fiye da sau 30.

Abin da masu musu ke tsallakewa shi ne ƙanƙantar musabbabin. 'Yar karkata ce a yadda duniya ke kewaya rana ta tayar da sauyin, iskar kabon ta ƙara masa ƙarfi. Daga tsakiyar zamanin ƙanƙara na ƙarshe, shekara kusan 21,000 da suka wuce, iskar ta tashi daga wajen kashi 180 cikin miliyan zuwa 280 a tsawon shekara kamar 10,000, zafin duniya ya ƙaru da digiri 5 zuwa 6. Ɗan Adam ya kai ta sama da 420 cikin ƙasa da shekara 200.

Ba sai an je Sin ba. Tun 1958 masanin labarin ƙasa A. T. Grove ya bayyana tsofaffin tuddan rairayi na ƙasar Hausa, irin jigayin da ake noman gero da gyaɗa a kansu a Jigawa da Yobe. Rairayi ne da iska ta jera lokacin da Sahara ta gangaro kudu da ɗaruruwan kilomita. Daga baya damina ta dawo da ƙarfi, Tafkin Chadi ya cika har gaɓarsa ta kai Bama, kuma wani ya sassaƙa kwalekwalen Dufuna shekara kusan 8,000 da suka wuce. Tuddan suna nan yadda iska ta bar su, saiwar tsiro da ruwan 'yan watanni ne kawai ke riƙe da su, ga kuma miliyoyin manoma a kansu.