Majigin 'Yan Kasuwa: A Yi Masa Ƙofofi Kamar Rumfa

Masu iya magana kan ce gani ya kori ji, kuma babu wanda ya fi ɗan kasuwa sanin haka. Shi ya sa ƙungiyoyin 'yan kasuwarmu na Mai Wurno, Sinnar, Singa da ƙauyukan Jazira suka rungumi nuna haja a kwamfuta da majigi, musamman da manhajar PowerPoint. Abu ne mai kyau, sai dai yadda ake shirya shi yana jawo mana asarar ciniki ba tare da mun lura ba.

Kwanakin baya mun halarci wani zama a wani ƙauye na bakin Shuɗin Kogin Nilu don ɗauko rahoto wa gidan rediyonmu. Wani baƙo ya zo ta hanyar Gallabat neman ƙaro, sai ƙungiyar ta sa wani matashi ya nuna masa abin da ke cikin sito. Yaron ya yi ƙoƙari, amma ya jera shafukan ne kamar raƙuman ayari: tarihin ƙungiya, hotunan shugabanni, riɗi, gyaɗa, dawa, sannan ƙaro can ƙarshe. Baƙo ya tambayi farashi, yaro ya dinga dannawa yana wuce shafi bayan shafi, da aka ce ya koma kan kuɗin mota kuma sai ya rikice. Baƙon ya duba agogo, ya ce zai dawo bayan la'asar. Har muka bar garin bai dawo ba.

Jama'a, wa ya taɓa shiga kasuwar amfanin gona ta Gadarif aka tilasta masa bi ta kowace rumfa kafin ya isa wurin masu riɗi? Dillalin kirki kama hannunka yake yi ya kai ka kai tsaye. To, abin da maɓalli da mahaɗi ke yi ke nan a cikin majigi, kuma ba sabon abu ba ne, tun shekarun 1990 suke cikin manhajar.

Aikin ba shi da wuya. A mai da shafin farko ya zama ƙofar kasuwa, a jera hoton riɗi, na ƙaro, na gyaɗa da na zoborodo. A zaɓi hoto, a shiga Insert, wanda masu manhajar Larabci ke gani da sunan Idraj, a danna Link, a zaɓi wuri a cikin wannan takardar, a nuna shafin da ake so. Shi ke nan, duk wanda ya taɓa hoton ƙaro, shafin ƙaro zai buɗe masa. Bugu da ƙari, a cikin jerin siffofi akwai maɓallai shiryayyu, na gaba, na baya da mai hoton gida. A sa mai hoton gidan a kusurwa ɗaya ta kowane shafi domin a riƙa komawa farko da dannawa guda.

Amma ga inda muke son a buɗe kunne. Mahaɗi iri biyu ne: akwai mai kai mutum wani shafi a cikin fayil ɗin, akwai mai fita da shi zuwa intanet. Na farko ba ruwansa da shabaka, wato netwok, na biyu kuwa da zarar sabis ya ɗauke ya mutu. Mu nan ba sai an ba mu labari ba. Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023, har Wad Madani ta faɗa hannun dakarun RSF a Disamban shekarar kafin sojoji su karɓe ta a Janairun 2025, mun ga yadda layukan waya ke katsewa. A Fabrairun 2024 kusan ƙasar baki ɗaya ta wayi gari babu sabis, har masu biyan kuɗi ta Bankak suka yi cirko-cirko. Saboda haka duk abin da ciniki ya dogara a kansa, hoto ne, farashi ne, ko nauyin buhu, a ajiye shi cikin fayil ɗin. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Mun san wasu dattawanmu za su ce ciniki da baki ake yi, kuma mai saye sai ya damƙi riɗi ya murza a tafin hannu. Gaskiyarsu. Kakanninmu da suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903, da waɗanda suka yi noman auduga a Jazira bayan kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, ba da majigi suka yi suna ba, da amana suka yi. Maɓalli ba zai maye gurbin samfur ba, aikinsa kawai ya hana baƙo ƙosawa kafin a kai ga ciniki. Kuma tunda hoto ake taɓawa, wanda bai yi boko ba ma zai iya sarrafa shi da kansa.

Amanar nan kuwa dole ta shiga cikin majigin. Fam ɗin Sudan ya sha faɗuwa tun fara yaƙin, don haka kowane shafin farashi a rubuta masa kwanan wata, kada a nuna wa baƙo farashin bara a zo ana rantse-rantse. Haka nan kada a saka mahaɗin da ba a san asalinsa ba, kuma duk wanda ya kai ka inda ake tambayar lambar sirrin asusunka, ka rufe shi nan take, aikin 'yan damfara ne.

Kiranmu ga shugabannin ƙungiyoyi shi ne su zaunar da matasan da ke shirya musu majigi tare da tsofaffin dillalai. Dillali ya faɗi tambayoyin da baƙo ya saba yi, yaro ya yi wa kowace tambaya maɓallinta. Sannan kafin ranar kasuwa a kashe data, a gwada kowane maɓalli a wayar ko kwamfutar da za a tafi da ita.

Allah Ya kawo mana zaman lafiya, Ya sa albarka a kasuwanninmu, amin.