Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Darasi Daga 'Yan Gudun Hunturu Na Ingila

Jama'a, tun shekarar 2016 da aka fara tseren yada-ƙanin-wani na birnin Ikko, kusan kowane watan Fabrairu abu guda muke gani. Mukan jeru a bakin titi muna tafi, haifaffun Kenya da Habasha su wuce mu kamar iska, su kwashe manyan kyaututtuka su koma gida. Abraham Kiptum na Kenya shi ya ci na farko, aka tashi daga babban filin wasa na Surulere aka ƙare a Eko Atlantic. In an watse sai ka ji ana cewa laifin gwamnati ne. To, gwamnati tana da nata laifin, amma a ganina babban abin da muka rasa yana hannunmu, kuma ana iya ganinsa wurin wani talakan Bature da ke gudu cikin laka a Ingila.

Wannan mutum ba da gudu yake ci ba. Wataƙila malamin makaranta ne, ko direban bas, ko akawu. Ɗan wata ƙungiyar gudu ce ta unguwarsu, shi ke biyan kuɗin ƙungiya daga aljihunsa, shi ke sayen takalminsa. Burinsa ya shiga tseren London, wanda aka fara a 1981 kuma galibi a watan Afrilu ake yin sa, nisansa kilomita 42 da mita 195. Wato dole shirinsa na wajen mako 16 ya faɗa cikin tsakiyar hunturu, lokacin da rana kan faɗi kafin ƙarfe huɗu na yamma a watan Disamba, ga ruwan sama mai sanyi, wani lokaci har da dusar ƙanƙara.

Ga yadda makonsa kan kasance. Ranar Talata in ya tashi aiki sai ya tafi filin ƙungiya, a kunna fitilu, su yi gudu mai tsanani gajere-gajere suna hutawa a tsakani. Ranar Alhamis su yi mai ɗan nisa da sauri matsakaici. Ranar Lahadi da sassafe ita ce ta doguwar tafiya, ana ƙara nisa kaɗan-kaɗan kowane mako har a kai wajen kilomita 32. Dalilin wannan doguwar tafiya shi ne, abincin da jiki ke ajiyewa cikin tsoka yakan ƙare in an kai wajen kilomita 30, shi ya sa za ka ga ƙato ya tsaya cak a hanya ƙafa ta ƙi ɗaguwa. Wanda ya saba wa jikinsa da nisa shi ke tsallake wannan wuri. In ya rage mako biyu ko uku sai a sassauta, jiki ya huta.

Ranar Asabar kuwa ita ce ta tseren ratsa daji. Babu kwalta, babu kyautar kuɗi. Ana sa takalmi mai ƙusoshi a hau tudu a gangara kwari, laka wani lokaci har ƙauri. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ake lissafi: ana tara lambar da 'yan kowace ƙungiya suka zo, a wasu gasannin mutum shida na farko, ƙungiyar da jimlarta ta fi ƙanƙanta ita ta ci. Saboda haka wanda ya zo na ɗari biyu ma yana da amfani, in ya wuce mutum guda a ƙarshe ya taimaki 'yan'uwansa. Wannan shi ke hana rago kwanciya, don ya san ana jiransa.

Al'adar ta daɗe. Ƙungiyar Thames Hare and Hounds tun 1868 aka kafa ta, gasar ƙasa ta Ingila kuwa a 1876 aka fara gwada ta, kuma aka soke sakamakon don 'yan tseren sun ɓace hanya. Ba su fasa ba, suka dawo a shekara mai zuwa. Daga irin waɗannan ƙungiyoyi ne zakaru suka fito. Ron Hill ma'aikacin masaƙa ne, masanin haɗa rini, ya ci gasar ratsa daji ta Ingila a 1966 da 1968, sa'an nan ya ci tseren Boston a 1970. Mutumin nan daga Disamba 1964 har Janairu 2017 bai yi fashin gudu ko rana ɗaya ba. Paula Radcliffe ta ci gasar ratsa daji ta duniya a 2001 da 2002, a 2003 kuma ta gama tseren London cikin awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 25. Su ma mutanen Kenya da ke cin mu a Ikko ta wannan ƙofa suka shigo: mazansu sun riƙe kambin ƙungiya na gasar ratsa daji ta duniya shekara 18 a jere, daga 1986 zuwa 2003.

Na san abin da wani zai ce. Zai ce Bature ya ƙoshi ne shi ya sa yake neman wahala, amma ɗan dako na kasuwar Mile 12, ko mai tura kurar ruwa a Agege, wanda tun asuba yake zufa, da wane ƙarfi zai yi gudu? Wannan magana gaskiya ce, kuma ba zan ce wa mai neman na tuwo ya bar sana'arsa ba. Gudu mai nisa yana son abinci da barci, wanda ya haɗa shi da yunwa ciwo zai jawo wa kansa. Amma ba dukanmu ne 'yan dako ba. Akwai 'yan makaranta da aka haifa a Sabo ta Badun da Idi-Araba da Shagamu, akwai masu shago, akwai ma'aikatan ofis. Akwai kuma samari masu yawa da ke kashe yammacinsu a gidan kallon ƙwallo, har da masu faɗawa shaye-shaye don rashin abin yi. Waɗannan nake nufi.

Kuma ba jini muka rasa ba. 'Yan Nijeriyar da kan fara isowa a tseren Ikko yawancinsu 'yan Filato ne, musamman wajen Pankshin, inda tuddai da sanyin wuri suka horar da su. Abin da ya rage shi ne tsari: wurin haɗuwa, ranar haɗuwa, da dattijon da zai riƙe littafi da agogo.

Don haka ina kira ga Sarakunan Hausawa na Kurmi da shugabannin ƙungiyoyin kasuwa, waɗanda ke iya tara kuɗin kofin ƙwallo, su gwada wannan. Kowace unguwa ta kafa ƙungiyar gudu. A nemi filin makaranta ko hanyar gona a bayan gari, a riƙa tsere tsakanin unguwanni sau ɗaya a wata daga Nuwamba zuwa Janairu, a yi lissafi irin na ƙungiya. Namu hunturun ya fi nasu sauƙi, kuma yana zuwa daidai gabanin tseren Ikko. Kada kowa ya fara da kilomita 42. A fara da 5, a kai 10, bayan shekara biyu a yi maganar babba. Wanda ya haura shekara arba'in ko yake da hawan jini ya fara ganin likita.

Ba a fafe gora ranar tafiya. In mun bari sai Fabrairu ta kama, to bana ma tafi za mu yi wa baƙi. Allah Ya sa masu faɗa a ji su ji.