Kada kiɗan Abzin ya ɓace a ramukan zinariya

Tun da aka gano zinariya a Tchibarakaten a 2014, matasan jihar Agadas ke tururuwa can, ga shi kuma rufe kamfanin yuraniyom na Cominak a Arlit a 2021 ya rage aikin yi a gida. Cikin masu tafiyar har da waɗanda za su gaji kiɗan jita da sauran kayan tsirkiya.

Marigayi Abdallah Oumbadougou ya nuna hanya da ya buɗe makarantun kiɗa a Arlit da Agadas. A Tamanrasset ta Aljeriya ma, ƙungiyar Sauver l'Imzad ta tara dattijai mata suna koya wa 'yan mata imzad, gogen Abzinawa mai tsirkiya ɗaya, wanda UNESCO ta sanya cikin al'adun gado na duniya a 2013.

Irin wannan ƙungiya ba ta buƙatar miliyoyi. Ɗaki ɗaya, ranar haɗuwa kowane mako, asusun sayen tsirkiya da ɗan abin hasafi ga masu koyarwa sun isa. Masu rijiyoyin zinariya da magadan garin Arlit da Iferouane ya kamata su ɗauki wannan nauyi tun masanan suna raye, domin in suka tafi, kuɗi ba zai dawo da iliminsu ba.